Ruwan Sama da Ban-Ruwa

Duk manomin da ke gaɓar kogin Nilu ta wajen Sinja a Sudan ya san ruwa iri biyu ne. Akwai ruwan sama da ke sauka a gonakin dawa da riɗi, ya zo da ƙarfi, ya jiƙa ko'ina, rabinsa ya gangare. Akwai kuma ruwan da inji ke jawowa daga kogi, ya bi kwalbati a hankali, manomi na biye da shi da fartanya, yana buɗe wannan kunya yana toshe waccan, har ya kai ga saiwa. A ganina haka saurare da karatu suke.

Rediyo da saƙonnin murya na WhatsApp su ne ruwan samanmu. Tun 1957 Sashen Hausa na BBC ke magana, kuma iyayenmu a nan sun daɗe suna jin labarin Kano da Sakkwato ta akwatin rediyo. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, musamman da dakarun RSF suka shiga Sinja a Yunin 2024, kunne ne ya riƙe mu, domin da shi ake sanin wanda ya tsira da hanyar da ke biyuwa. Ba mai raina wannan ruwa. Sai dai labarin yau yana wanke na jiya, kuma ba ya gaya maka mafarin abu.

Mafarin sai a littafi. A 'yan watannin nan na karanta littafin Mark Duffield na 1981 a kan garin Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa bayan Turawan Ingila sun kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903. Na bi shi da littafin Permanent Pilgrims na Bawa Yamba, wanda ya fito a 1995. Yamba ya zauna da Hausawan ƙauyukan Jazira, ya tarar jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka baro ƙasar Hausa har a lokacin suna ɗaukar kansu matafiya ne a hanyar Makka. Da na haɗa wannan da yadda noman audugar Jazira ya buƙaci hannaye bayan kammala madatsar Sennar a 1925, sai na gane dalilin da ya sa zango ya zama gari. Abin da kakata ke faɗa gutsure-gutsure yayin da take tuƙa tuwo, littafi ya jera mini shi kunya-kunya.

Abin da ke ci mini rai shi ne, littattafan biyu da Turanci aka rubuta su. Ruwan kogin namu ne, amma injin na wasu ne, kuma yawancin waɗanda aka yi rubutun a kansu ba za su iya karantawa ba. Ga shi yaƙi ya warwatsa dattawan da suka ji labarin hijira daga bakin waɗanda suka yi ta da ƙafa.

Saboda haka, ɗan'uwa, in akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku, ka zauna gabansu da wayarka, ka tambaye su garin da kakanninku suka fito da zangunan da suka yada. Ka naɗi muryarsu, sa'an nan ka rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, tun suna raye.