Yadda Za a Kusanto da Yaren Scheme ga Ɗan Koyon LilyPond

LilyPond manhaja ce ta kyauta da ake tsara rubutun kiɗa da ita, wadda 'yan ƙasar Holan biyu, Han-Wen Nienhuys da Jan Nieuwenhuizen, suka fara ginawa a shekarar 1996. Inda ta sha bamban da takwarorinta irin su Sibelius da MuseScore shi ne, mai aiki da ita yana rubuta sautuka ne da haruffa da lambobi, sannan manhajar ta mayar da su shafin kiɗa. Idan ya rubuta c'4, harafin yana nuna sautin, waƙafin sama yana nuna matsayinsa na kauri ko siranta, lambar kuma tana nuna tsawon lokacinsa.

A ƙarƙashin wannan rubutu mai sauƙi akwai Scheme, wato yaren ba kwamfuta umarni da Gerald Sussman da Guy Steele suka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka a 1975, wanda LilyPond ke sarrafawa ta hanyar Guile, tafintan da shirin GNU ya samar. Da wannan yare ne mai tsara kiɗa zai iya rubuta umarni guda da zai ɗora alama a kan ɗaruruwan sautuka a lokaci ɗaya, sai dai tsarinsa baƙo ne ga makaɗi, domin kusan komai yana zaune cikin baka, kuma aiki yana zuwa kafin abin da za a yi wa aikin, ta yadda ɗaya a tara da biyu yake zama (+ 1 2).

Littattafan jagora na manhajar sun kasu hawa-hawa: akwai na koyo, da na duba ƙa'idoji, da na faɗaɗa manhajar, sannan kundin bayanin cikinta, wanda ake fitarwa kai tsaye daga rubutun manhajar kanta, shi ya sa ya fi amfanar wanda ya riga ya san abin da yake nema. Tsakanin hawan farko da na ƙarshe ne mafi yawan wahalar take, har ɗan koyo yakan koma kwafo misalan wasu yana liƙawa ba tare da ya fahimce su ba.

Abin da ya kamata marubutan jagora su riƙe shi ne, ɗan koyo ya jima yana rubuta Scheme bai sani ba. Ranar da ya rubuta #red don ya mayar da kan sauti ja, alamar # ta sanar da LilyPond cewa abin da ke biye Scheme ne, kalmar kuma suna ce da ke riƙe da lambobi uku na gwargwadon ja da kore da shuɗi. Haka nan ##t, da ke ruɗa mutane da yawa, ba kuskuren bugu ba ne: alamar farko ƙofar shiga Scheme ce, ta biyun kuwa tare da harafin ita ce "gaskiya" a yaren. Darasin da ya taso daga nan yana ɗora sabon ilimi a kan abin da hannu ya saba, kuma daga shi sai a gabatar da umarnin \displayMusic, wanda ke bayyana yadda manhajar ke ganin kowane sauti daga ciki, kafin a kai ga rubuta sabon umarni da define-music-function.

Wajibi ne kuma kowane misali ya zo cikakke, da hoton sakamakonsa a gefe, tare da saƙon kuskuren da zai fito idan an manta rufe baka guda. Ya kuma ɗauki lambar fitowar manhajar, domin fitowa ta 2.24 a 2022 ta koma Guile 2.2, kuma convert-ly, mai sabunta tsofaffin fayiloli, ba ya iya gyara duk rubutun Scheme. Misalin da ya ƙi aiki a hannun ɗan koyo ya fi rashin misali illa, domin kansa zai zarga, ba littafin ba.