Farfaɗiya ba ta hana rayuwa

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba aikin iskoki ba. Ba a ɗaukarta ta miyau ko ta cin tuwo kwano ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har mutum 7 cikin 10 masu ciwon za su iya daina faɗuwa idan suna shan magani daidai.

Don haka mai farfaɗiya a Sarkin Yamma zai iya noman gero, ya yi karatu, ya yi aure. Ya ga likita, ya sha magani kullum, kada ya bari don ya ji sauƙi. Ya guji bakin rijiya da murhu in yana shi kaɗai.

Idan ya faɗi, ku kwantar da shi ta gefe. Kada ku sa masa komai a baki.