Kuɗin Ɓoye, Gwajin Ɓoye: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Rasit ne ya tona asirin. A 1973 shugaban hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, Richard Helms, ya ba da umarni a lalata takardun MKUltra, shirin da aka fara a 1953 don neman ƙwayar da za ta juya tunanin mutum, ko ta sa shi amayar da abin da ke cikinsa a wajen tambayoyi. An lalata, amma aka manta da takardun kuɗi, wajen shafi 20,000, waɗanda suka ɓulla a 1977. Akanta dai ba ya yar da takarda.

Takardun ne suka nuna cewa kuɗin ba ya fita da sunan gwamnati. Ta hannun wasu gidauniyoyi ake tura shi zuwa cibiyoyi kusan 80, ciki har da jami'o'i da kwalejoji 44. Wasu masanan har suka gama aiki ba su san wa ke biyansu ba.

A ƙarƙashin shirin, a wani gidan tsare masu shan ƙwaya da ke Lexington a Amurka, an ɗirka wa fursunoni bakwai ƙwayar LSD kwana 77 a jere. Ladansu? Hodar heroin, wato abin da aka kai su can don su rabu da shi.

Ko giwa ba ta tsira ba. A 1962 wani likita da ya taɓa cin kuɗin shirin ya yi wa toron giwa Tusko allurar LSD a gidan zu na Oklahoma, ba a yi awa biyu ba ya mutu.

Jagoran shirin, Sidney Gottlieb, mai kiwon awaki ne a gida. Shi ne kuma ya ɗauki guba zuwa Kwango a 1960 don a kashe firaministan ƙasar na farko, Patrice Lumumba, sai dai ba a kai ga amfani da ita ba.

A gida Najeriya, gwajin da ya fi ci mana rai ba na gwamnati ba ne. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Amma zargi ya riga ya yi saiwa: a 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da Zamfara da nan Kaduna, kuma tun daga Kawo har Unguwar Sarki za ka ji mai kawo hujja da abin da ya faru a Kano. Bincike ya tabbatar rigakafin lafiyarsa lau, amma cutar shan-inna ta riga ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20.

Mai karatu, in an kawo maka takardar gwajin magani, tambayi wa ya ba da kuɗin kafin ka sa hannu.