Yadda Ake Tsara Hoton Madatsar Ruwa Ta Kubanni A Samaru

Daga Wakilinmu a Zariya

Duk wanda ya yi karatu ko aiki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya sha ruwan Kubanni, ko ya sani ko bai sani ba. Madatsar da aka soma ginawa a kan wannan kogi a shekarar 1973, wadda jama'a ke kira dam ɗin jami'a, ita ce babbar madogarar makarantar wajen ruwan famfo. An ƙiyasta cewa sa'ad da aka gama ta tana iya riƙe ruwa lita miliyan 2,600, wanda ke gangaro mata daga fili mai faɗin murabba'in kilomita 57. Kogin ya taso ne daga wajen Shika, ƙoramu irin su Malmo da Tukurwa da Maigamo da Goruba suna ƙara masa ruwa. Idan ya bar jami'a sai ya ratsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, ya je ya faɗa Galma.

A yau da yake kusan kowane ɗalibi yana da kyamara a jikin wayarsa, hotunan wannan wuri ba su ƙirguwa. Amma galibinsu fuskar mutum ce ta cika su, ruwan kuwa sai ɗan tsiri daga baya, a karkace. Wannan asara ce, domin dam ɗin yana cikewa da laka da yashi shekara bisa shekara, kamar yadda malaman sashen labarin ƙasa na jami'ar suka sha aunawa suna bayyanawa. Hoton da aka tsara da kyau yana faranta ido, kuma yana zama shaida ga masu zuwa a kan yadda wurin yake a zamaninmu. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu hanyoyin da gwanayen wannan sana'a ke bi.

FARA DA IDO, KAFIN KYAMARA

Abu na farko shi ne mutum ya tambayi kansa, me nake so in nuna? Tafki wuri ne mai faɗi, ido yana yawo a kansa yana jin daɗi, amma kyamara ba ta yawo. Abin da ka sa mata a gaba shi kaɗai za ta kwaso. Wanda ya ce zai haɗa ruwa da jinga da itatuwa da tsuntsaye da gine-ginen jami'a duka a hoto guda, zai tashi da hoton da ba a san inda za a duba ba. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Zaɓi abu ɗaya ya zama jigo, ko malalar ruwa, ko masunci, ko wata itaciya da ke bakin gaɓa, sauran su zama 'yan rakiya.

Gwanaye kan je su zaga wurin tukuna ba tare da sun ɗauki kome ba. Suna lura da inda rana ke fitowa da inda take faɗuwa, da wurin da za a tsaya a ga ruwan ya miƙe, da abin da zai ɓata hoto kamar turakun lantarki da ledoji. Sau da yawa matsawa taku biyar zuwa dama ko hagu, ko durƙusawa, shi ne ke raba hoto mai kyau da na banza.

Sai maganar layin da sama ta haɗu da ƙasa. Ruwan da ke kwance ba ya karkata, kowa ya san haka, shi ya sa idan gaɓar can ƙetare ta karkace a hoto ko da kaɗan ne, mai kallo zai ga kamar tafkin zai tsiyaye ta gefe. Yawancin wayoyi suna da layukan da ke raba fuskar hoto gida tara. A kunna su, a daidaita gaɓar da ɗaya daga cikinsu. Idan gizagizai ne suka yi kyau, kamar yadda sukan taru a Yuli da Agusta, a ba sama kashi biyu cikin uku. Idan kuwa sama ta yi fari fat babu kome, a rage ta, a ba ruwa da ƙasa kashi biyu. Wannan dabara ta raba hoto uku ba sabuwa ba ce, wani mai zane na Ingila, John Thomas Smith, ya rubuta ta tun 1797. Sai dai ba doka ba ce. Da sassafe, sa'ad da ruwa ya kwanta kamar madubi, sanya gaɓar a tsakiya daidai yakan fi kyau, domin itatuwa da inuwarsu su yi kai ɗaya.

Hoton tafki yana bukatar wani abu a kusa da mai ɗauka, wanda ido zai fara taka wa kafin ya tsallaka. Dutse, ko ganyen bado, ko tsagaggiyar laka da ruwa ya janye ya bari, ko komar masunci da aka shanya, duk suna wannan aiki. Daga nan ido ya wuce kan ruwa, ya je ya tsaya a itatuwan ƙetare, sai mai kallo ya ji nisan wurin. Jingar dam ita ma babbar mataimakiya ce. Maimakon a ɗauke ta a gicciye ta yanke hoto biyu, a tsaya a gefenta yadda za ta taso daga kusurwar ƙasa ta nufi ciki, ta ja ido kamar hanya.

Girma kuwa ba ya bayyana sai da abin gwadawa. Mujallar Life ta Amurka ta buɗe fitowarta ta farko, ran 23 ga Nuwamba, 1936, da hoton madatsar Fort Peck wanda Margaret Bourke-White ta ɗauka. Wasu mutane biyu da ke tsaye a ƙasan ginin, 'yan mitsi-mitsi, su ne suka nuna wa duniya tsawonsa. Haka abin yake a Kubanni. Mai keke guda da ke wucewa, ko zalɓe a tsaye a bakin ruwa, ya isa ya faɗi girman wurin.

HASKE DA LOKACIN SHEKARA

Zariya tana kusa da tsakiyar duniya, wajen digiri 11 arewa, don haka rana kan miƙe sama da sauri. Cikin Afrilu da Agusta ma takan tsaya daidai bisa kai da tsakar rana. Wannan ya sa lallausan hasken safiya ba ya daɗewa, kafin hantsi ya gama fitowa ya wuce. Mai son hoto mai kyau sai ya isa wurin tun bayan sallar Asuba, ko kuma ya jira la'asar sakaliya. A waɗannan lokuta haske yana zuwa ta gefe, yana fito da tudu da kwarin ƙasa. Da tsakar rana ruwa kan yi ƙyalli kawai, launi ya dushe.

Akwai wani tarko da ruwa ke ɗana wa kyamara. Idan ta ga haske ya yi yawa sai ta rage da kanta, gaɓa da mutane su fito baƙi ƙirin. Maganinsa shi ne a ƙara mata haske kaɗan da hannu, a duba, a sake. Masu manyan kyamarori suna ɗaura wani gilashi mai kashe ƙyalli a bakin idon kyamara, wanda ya fi aiki idan rana tana gefen kafaɗar mai ɗauka. Sai dai a juya shi a hankali, domin idan ya kashe ƙyallin yakan tafi da inuwar itatuwan da ke kan ruwa.

Kowane lokaci na shekara da irin hotonsa. Ruwan saman Zariya, wanda ya kai wajen milimita 1,000 a shekara, yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta. A lokacin ne dam ke cika, ƙasa ta yi shar. Da kaka ruwan ya kwanta, ciyawa ta soma ja. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan ɓoye nesa. Wasu na ganin ba lokacin hoto ba ne, alhali kuwa hazo yana jera itatuwa sahu-sahu, na kusa da duhu, na nesa suna dusashewa, rana kuma ta zama kamar faifai ja. Abin lura kawai shi ne ƙura. A riƙa goge idon kyamara da tattausan ƙyalle, kada a buɗe cikinta a fili. Da bazara ruwa yakan ja baya ƙwarai, a nan ne ake ganin gaskiyar abin da ke ƙarƙashi.

INDA RUWA KE MALALA

Kowace madatsa tana da wurin da aka gina domin rarar ruwa ta tsallake ta wuce idan tafki ya cika, don kada ta ci jinga. Nan ne ruwa ke gudu da kumfa, nan ne kuma gwanintar mai hoto ke fitowa. Sirrin yana ga tsawon ƙiftawar kyamara. Idan ta ƙifta da sauri, kamar kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, za a ga ɗigon ruwa sun tsaya cak a iska, ƙarfin ruwan ya bayyana. Idan aka bar idon a buɗe rabin daƙiƙa ko daƙiƙa guda, ruwan zai fito sumul kamar an shimfiɗa farin alawayyo. Na biyun ba ya yiwuwa a hannu, dole a kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku ko a ɗora ta a kan dutse, kuma a yi shi da sassafe ko da almuru, lokacin da haske bai yi yawa ba. Ko wanne aka zaɓa, a sa wani abu tsayayye a ciki, kamar gefen siminti, domin gudun ruwa ba ya fitowa sai kusa da abin da ba ya motsi.

A nan tilas mu ja kunnen matasa. Simintin da ruwa ke bi yana da gansakuka mai santsi kamar sabulu. A gindin malala ruwa yana juyawa ne ya komo baya, yana iya riƙe ko da gwanin iyo. Kuma idan an yi ruwa a wajen Shika, kogi na iya tasowa a Samaru alhali ko ɗigo bai sauka a nan ba. Shiga ruwan da ke kwance kuma yana jawo tsargiya. Babu hoton da ya kai ran mutum. A tsaya a busasshiyar ƙasa, kada a je ni kaɗai.

Haka nan a nemi izinin jami'an tsaron jami'a kafin a kusanci injinan tura ruwa da wurin tacewa. Masu ƙananan jiragen ɗaukar hoto marasa matuƙi su tuna cewa tashinsu yana bukatar izinin hukuma, balle a Zariya, inda Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda aka kafa a 1964, take da filinta ba nisa da Samaru. Masunta da masu lambu kuwa, a yi musu sallama a nemi yardarsu, kada a ɗauki masu wanka ko wanki ko kusa.

HOTO A MATSAYIN SHAIDA

Idan mai karatu ya lura da ruwan da ke malala a Agusta zai ga ja ne. Wannan jan ƙasar gonaki ce da ta kwazazzabai, wadda noma har bakin rafi da sare itatuwa da gine-gine suka kwance. Wadda ta tsallake ita muke gani, mai nauyin tana kwantawa a gindin tafki, tana cin wurin ruwa. Abin yana tafiya sannu a hankali har ido ya saba, sai ranar da famfo ya ƙafe a tsakiyar bazara a fara tambayar dalili.

Ga aikin da ɗalibai da ma'aikatan ruwa za su iya yi ba tare da kashe kuɗi ba. A zaɓi wurare uku ko huɗu masu alamar da ba ta gushewa, musamman inda ƙoramu ke shiga tafki, domin can laka ke fara taruwa. A riƙa tsayawa daidai nan, a fuskanci waje ɗaya, a ɗauki hoto sau huɗu a shekara: ƙarshen bazara, tsakiyar damina, kaka da hunturu. A rubuta rana da wata da shekara da sunan wurin. Bayan shekara goma, in an jera su, ko wanda bai yi boko ba zai ga inda ciyawa ta ci ruwa. Irin wannan dubawa tana iya tona zaizaya ko tsatstsafo a jikin jinga tun abin bai girma ba. Ɓallewar dam ɗin Bagauda a Jihar Kano a Agustan 1988, da ta Alau wadda ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024, sun isa wa'azi cewa madatsa abar kulawa ce kullum.

Masu ɗakunan hoto na Sabon Gari, garin da ya tashi da zuwan jirgin ƙasa tun wajen 1911, su ma suna da rawar takawa. Hoton da ke cikin waya yana tafiya tare da wayar ranar da ta lalace ko ta ɓata. A wanke masu muhimmanci a takarda mai kyau. Wanda kuma ya gaji tsofaffin hotunan Kubanni, ko na dam ɗin Zariya da ke kan Galma, kada ya bar gara ta cinye su. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, wurare ne da ya dace a tuntuɓa.

Samaru tana da sashen koyar da zane-zane mai daɗaɗɗen tarihi, wanda ya gada daga kwalejin da ɗalibanta irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Tana kuma da masana ƙasa da injiniyoyin ruwa. Da waɗannan sassa za su haɗa kai su buɗe kundin hotunan Kubanni, ana ƙara masa shafi kowace shekara, da hukuma ta sami hujjar da za ta dogara da ita wajen yashe dam da dasa itatuwa a bakin ƙoramunsa. Allah ya sa masu abin su ji.