Notin da Aka Matse Fiye da Kima

A watan Maris na 2015 kamfanin BMW ya nemi masu babura kusan dubu 49 a Amurka da Kanada su kai su wurin dillalansa. Aibin yana ƙafar baya. Akwai wani faifan alminiyam da ake ɗaure wili a jikinsa. In aka matse notunan fiye da kima sai faifan ya tsage, notunan su saki, har ƙafar ta iya rabuwa da babur ana tsakiyar gudu. Wani hatsari da aka yi a Sifen a 2014 ne ya sa aka gano haka. Kamfanin ya cire faifan ya sa na ƙarfe mai tauri, ba tare da mai babur ya biya ko kwabo ba.

Abin lura a nan shi ne ƙarfin matsi ya jawo ɓarnar. Kowane noti yana da iyakar matsin da injiniyoyi suka ƙayyade masa, akwai ma sifana ta musamman da ke yin ƙara in an kai wannan iyaka. A garejojinmu kuwa sau da yawa za ka ga makaniki ya zura bututu a kan sifana, ya hau da ƙafa, shi kuma mai babur yana jin daɗi an ɗaure masa da kyau. Alminiyam ba ya jure irin wannan. Tsagewar takan fara siririya yadda ido ba zai gani ba, kowane rami da kowane burki na ƙara buɗa ta.

Ba don kirki kaɗai kamfanoni ke kiran kayansu ba. A Amurka doka ce tun 1966, kuma hukumar NHTSA ke sa ido. Da zarar kamfani ya tabbatar da aibi, kwana 5 na aiki gare shi ya sanar da hukumar, sannan ya aika wa masu abin hawan wasiƙa cikin kwana 60. Mafi girman kiran da aka taɓa yi a ƙasar shi ne na jakar iskar Takata, kimanin miliyan 67. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa da zafi da danshi, sai kwanon da ke riƙe da shi ya fashe, ya watsa wa direba ɓarɓashin ƙarfe. Kamfanin Takata ya karye a 2017.

Duk tsarin nan a kan adireshi ya dogara, a nan kuma ya bar mu a baya. Honda Accord da aka yi gwanjonta a Amurka, ta sauka a Kwatano ko Legas, ta bi hannu uku kafin ta iso Kano, wace wasiƙa ce za ta same ta? Ga shi zafin da ke lalata jakar Takata a wurinmu ya fi yawa. Ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabu da ya sayi sabon babur a kwali ma, da wuya dillali ya rubuta lambar wayarsa, balle a neme shi in an gano matsala. Najeriya na da hukumar FCCPC mai kare masu sayen kaya da SON mai kula da inganci, amma hukuma ba ta iya kiran wanda babu sunansa a rajista.

Wanda motarsa ko babur ɗinsa ya fito daga Amurka yana iya bincikawa da kansa. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 ake shigarwa a shafin NHTSA na intanet, kyauta, ya nuna ko akwai gyaran da ba a yi ba.