BABI NA UKU: AIKIN MANAZARCI WAJEN AUNA SHIRYE-SHIRYEN SAMAR DA TSABTATACCEN RUWA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani a kan aikin manazartan da suka ɗauki auna shirye-shiryen samar da ruwan sha a matsayin sana'a. Za a dubi ma'anar aikin, da hanyoyin da ake bi wajen gudanar da shi, da irin ilimin da yake buƙata. An ɗauki unguwar Ƙofar Rini ta birnin Sakkwato domin kafa misali.

3.1 Ma'anar Auna Shiri

Auna shiri shi ne bin diddigin aikin da hukuma ko wata ƙungiya ta yi, domin a gano ko ya biya buƙatar da aka yi shi dominta. A fagen ruwan sha, an daɗe ana auna nasara da yawan rijiyoyin burtsatse da aka haƙa ko famfunan da aka kafa. Sai dai wannan ma'auni bai gamsar ba, domin ana iya buɗe famfo da biki, bayan 'yan watanni ya daina kawo ruwa. Haka kuma ruwa yana iya fitowa da tsabta, amma ya gurɓace kafin ya kai bakin mai sha. Saboda haka manazarci yakan nemi amsar tambayoyi uku: shin ruwan yana zuwa? Shin yana da tsabta a lokacin da ake shan sa? Shin cututtuka sun ragu a dalilinsa?

Masana sukan danganta tushen wannan aiki da likitan nan na Ingila, John Snow. A shekarar 1854 ya bi gidajen da aka yi rashi sanadiyyar amai da gudawa a wata unguwa ta birnin Landan, ya gano cewa mafi yawansu daga famfo guda suke ɗibar ruwa. A Nijeriya kuwa, yaƙi da cutar kurkunu ya nuna amfanin ƙidaya. Binciken ƙauye-ƙauye na 1988 zuwa 1989 ya gano sama da mutum 650,000 masu ɗauke da cutar. An ci gaba da ƙirga tare da tace ruwa da haƙa rijiyoyi, har aka ga mutum na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da cutar daga ƙasar a 2013.

3.2 Hanyar Ruwa a Ƙofar Rini

Ƙofar Rini ɗaya ce daga cikin ƙofofi takwas na tsohon birnin Sakkwato, wanda Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Birnin yana kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, kuma madatsar ruwa ta Goronyo da ke kan Rima tana daga cikin abin da ruwan famfon birnin ya dogara a kai. Hukumar Ruwa ta Jihar Sakkwato ce ke da alhakin tacewa da rarrabawa.

Kamar sauran unguwannin cikin birni a ƙasar Hausa, ba kowane gida ne ke samun ruwa kai tsaye daga famfo ba. Wasu suna dogara da rijiya, wasu da burtsatse, wasu kuwa da 'yan garuwa masu turo jarkoki a kura. Idan aka bi sawun ruwan, za a ga yakan tashi daga famfo zuwa jarka, daga jarka zuwa randa, sannan a sa moɗa a ɗiba. A kowane zango yana iya haɗuwa da ƙazanta: jarkar da ba a wanke ba, randar da ba murfi, ko hannun yaro da ya nutsa tare da moɗa. Bugu da ƙari, idan aka ɗauke ruwa, bututun da ya fashe a kusa da kwata yakan zuƙi ruwan datti.

Wannan matsala ba ta Sakkwato ba ce kaɗai. Binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017 ya samu ƙwayar cutar E. coli, wadda ke nuna haɗuwar ruwa da bayan-gida, a kimanin kashi 77 cikin 100 na ruwan da aka gwada a wurin ɗiba, amma a cikin gida adadin ya kai kimanin kashi 90. Wato manazarcin da ya tsaya a bakin famfo, bai shiga ya duba randa ba, rabin labari ya ji.

3.3 Hanyoyin Gudanar da Bincike

Hanya ta farko ita ce gwajin ruwa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. Akan ɗebi samfuri daga mafari da kuma daga randa, a kai ɗakin gwaje-gwaje, sannan a auna ko akwai sauran sinadarin kulorin a ciki.

Hanya ta biyu ita ce kwatantawa. Ana raba unguwanni ko ƙauyuka ta hanyar ƙuri'a, wasu su fara samun shirin, wasu su jira, daga baya a dubi bambancin lafiyar yaransu. Da wannan hanya ce Michael Kremer, wanda ya samu kyautar Nobel a 2019, da abokan aikinsa suka auna gyaran idanun ruwa a yammacin Kenya. Sakamakon da suka buga a 2011 ya nuna ƙazanta ta ragu da kashi 66 cikin 100 a idon ruwan, amma raguwar ba ta kai haka ba a cikin gidaje, gudawar yara kuma ta ragu da kashi ɗaya cikin huɗu.

Hanya ta uku ita ce hira da masu gida. A nan ana buƙatar taka-tsantsan, domin uwa tana iya cewa ɗanta bai yi gudawa ba saboda kunya, ko don ta faranta wa waɗanda suka kawo taimako. Haka kuma ba kullum sakamako ke yi wa masu shiri daɗi ba. Gwaje-gwajen da aka buga a 2018 daga Kenya da Bangaladash sun nuna cewa sa kulorin a ruwan gida shi kaɗai bai rage gudawar yara ba a wuraren. Wajibi ne manazarci ya bayyana irin wannan kamar yadda zai bayyana nasara.

3.4 Ilimi da Wuraren Aiki

Aikin ya haɗa fannoni da dama. Akwai masanin ƙananan halittu mai gwada ruwa, da likitan lafiyar al'umma, da masanin ƙididdiga, da injiniyan ruwa, da masanin zamantakewa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana koyar da akasarin waɗannan fannoni, yayin da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna take horar da ma'aikatan ruwa. Wanda ya kammala yana iya samun aiki a jami'a, ko ma'aikatun ruwa da lafiya, ko Hukumar Ƙididdiga, ko ƙungiyoyin agaji.

Duk da haka, takardar shaida ba ta wadatar ba. A unguwa kamar Ƙofar Rini sai an nemi izinin mai unguwa da na maigida, kuma tun da randa tana cikin gida inda baƙo namiji ba ya shiga, dole a samu mata a cikin masu bincike. Hausa mai kyau ma sharaɗi ce, domin tambayar da aka fassara ba daidai ba takan haifar da amsa marar amfani. Sannan akwai matsalar amana: sau da yawa wanda ya ba da kuɗin shirin shi ne mai biyan mai aunawa.

3.5 Naɗewa

Wannan babi ya nuna cewa ba a auna shirin ruwa da yawan famfuna, sai da abin da ke cikin moɗa da kuma lafiyar mai sha. Annobar amai da gudawa ta 2021, wadda aka yi zaton ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta hallaka fiye da 3,000, kuma Jihar Sakkwato tana cikin waɗanda ta shafa, ta isa hujja a kan buƙatar irin waɗannan manazarta. Babi na gaba zai dubi matsayin 'yan garuwa a wannan hanya ta ruwa.