Niƙar haƙora cikin barci: allura tana sassauta muƙamuƙi, ba ta kau da damuwa

Ɗan kasuwar Dakoro da bashi ya yi wa katutu, ko ma'aikacin da albashi ya ƙare masa tun tsakiyar wata, yakan kwana yana niƙar haƙoransa bai sani ba. Iyalinsa ke jin ƙarar, shi kuwa ya wayi gari da ciwon kai da tsamin muƙamuƙi, haƙoran suna zaizayewa.

Lokotoro a Turai da Amurka suna rage wannan wahala da allurar Botox, dafin ƙwayar cutar da ke haihuwa cikin gurɓataccen abincin gwangwani. Alan Scott, likitan ido, shi ya fara maishe shi maganin harararren ido, Amurka ta amince a 1989. Ɗan kaɗan ake tsirawa a naman tauna, ya yi laushi, ƙarfin cizo ya ragu. Bayan wata 3 zuwa 4 sai an sake.

To amma a yi hattara. In allura ta kauce, tauna takan yi wuya, murmushi ya karkace. Maganin yana son sanyin firji, kuma a 2024 jabunsa ya kwantar da mutane asibiti a Amurka. Ba hajar masu tallar magani cikin rana ba ce.

Mai wannan larura ya nemi likitan haƙori, ko da sai ya je Maraɗi. Abin da akan fara ba shi, robar da ake kwana da ita a baki ce. Ya kuma rage goro da taba da shayin dare, ya nemi kwanciyar hankali.